Kwalbar Turaren da Na Kai Asibiti

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar kasuwar Madawa ba, ko da kuwa na so in manta. Lokacin ina koyarwa a lakkwal, wato makarantar boko, a wani ƙauye kusa da Buza, mun daɗe da aure ni da Rakiya, Allah bai ba mu haihuwa ba. Muka yi ta zirga-zirga asibitin mishan, aka ɗora ta kan wasu ƙwayoyi.

Ni kuma na naɗa kaina gwanin gane ciki. In ta yi hamma, in ce ya kama. In ta ƙi miyar kuka, in ce ya kama. (Rakiya tun tana yarinya ba ta son miyar kuka, amma gwani ba ya tambaya.) Duk wata sai in yi bushara, duk wata sai ta shiga ɗaki ta yi kuka.

Da wani wata ya wuce ba ta ga al'ada ba, likita ya ce kada ta hau hanyar asibitin mai gargada. A kawo fitsarinta na safe kawai, awo zai nuna. Ta wanke wata tsohuwar kwalbar turare ta zuba, na naɗe a tsumma, na cusa can ƙasan jaka.

Ina shiga mota a tasha, wa zan gani? Surukina, zai je sayar da awaki. Na durƙusa na gaishe shi, na ce aikin lakkwal zai kai ni gari.

Kafin Madawa jandarma suka tsayar da mu, aka ce kowa ya buɗe kayansa. Wani dogo daga cikinsu ya zura hannu a jakata, ya zaro kwalbar.

"Mushe malam, mi ke cikin wagga kwalba?"

"Turare ne," na ce. (Har yau ban san wane shaiɗani ya ara mini wannan amsa ba.)

Ya ɗaga ta a rana, ya yaba kalarta. Ya ce shi ma mai son turare ne. Ina kallo ya murɗe murfin, ya kai hanci, ya ja numfashi mai kyau.

Bawan Allah ya yi baya yana tari. "Turaren wace ƙasa ne wannan?"

Kowa ya juyo yana kallona, har awaki. Na so ƙasa ta tsage in shige. Sai surukina, mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, ya yi gyaran murya.

"Yallaɓai, rufe ka ba shi, kada ya zube. Labarin jikana ne a ciki."

Ashe Rakiya ta gaya wa innarta, inna ta gaya wa tsoho tun da asuba. Mata suka ɗauki "Allah shi inganta," direba ya ce ba zai tsaya ko'ina ba sai ƙofar asibiti. Jandarman nan ya miƙo mini kwalba da hannu biyu, ya nemi ruwa da sabulu.

Awo ya nuna ciki ya kama. Kafin in koma gida 'yan mota sun riga ni kai labari, tare da na turaren.

Tun daga ranar na gane cewa a ƙauye, mai ɓoye sirri shi kaɗai ne bai san an sani ba. In kuwa dole ka yi ƙarya, kada ka yi wadda za a iya shinshinawa.