Allurar da Gaskiya Ta Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Baba Direba, a madadin matarsa da 'ya'yansa da surukinsa da duk wanda ya taɓa samun rage hanya a tsohuwar farar motarsa, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar allurar agogon gudunsa, wato 'yar jar allurar nan da ke bayan sitiyari, mai faɗa wa direba yawan gudun da yake yi. Ta rasu ranar Talata da hantsi a kan babban titi, gaba kaɗan da gada, bayan gajeruwar jinya. A gaban idon maigidanta ta cika.

Ba wanda ya san ranar haihuwar marigayiya. A cikin motar aka same ta, motar kuwa Baba ya saye ta ne a hannun wani, shekarar da ya ajiye aikin tuƙa manyan wani kamfani. Tun daga lokacin ba ta taɓa makara ba, ba ta taɓa neman mai ko ruwa ba, ba a kuma taɓa kai ta gareji don laifin kanta ba. Idan aka tayar da mota da safe, takan gaishe da gida da ɗan ƙaranta, kir-kir-kir, daga bayan allo, har sai jikinta ya yi ɗumi ta yi shiru. Idan aka faɗa rami takan ce ƙas, sau ɗaya, ba ta maimaitawa. Da tsufa ya zo mata ta ɗan kama karkarwa, amma Baba ya hana a taɓa ta, ya ce shi ma hannunsa na yi, ba a kuwa kai shi an kwance ba.

Mafi kyawun halinta, wanda sai yanzu da ta tafi aka gane, shi ne ba ta taɓa faɗa wa Baba gaskiya ba. Idan mota na sittin da 'yar ɗoriya, sai ta miƙe ta nuna saba'in, fuskarta ko a jikinta. Bakanike ya ce yawancin 'yan uwanta haka ake ƙera su, don masu ƙira sun gwammace allura ta ƙara da ta rage, sai dai marigayiya ta fi su sakin hannu. Wannan ƙarya ta riƙe ta da amana shekara da shekaru, ba ta taɓa gorantawa ba.

A kan ƙaryar nan Baba ya gina sunansa. Da aka kakkafa kamarorin kama masu gudu a kan sandunan babban titi, direbobi suka shiga taitayinsu, shi kuwa ko gezau. Allon bakin hanya na cewa sittin, shi yana ɗora allura a kan saba'in, ya bi ta ƙarƙashin kamara, wani lokaci har ya ɗaga mata hannu kamar sun yi makaranta tare. Ba ta taɓa ƙyafta masa ido ba. Daga nan ya zama malami a shagon mai aski, inda tsofaffin unguwa ke taruwa ko da ba gashi a kansu. Karatunsa ɗaya ne kullum: kamara tana da gyara kamar mai awo a kasuwa, gyaran nan kuma goma ne cif, ya auna da kansa. Gyara kam wataƙila akwai, amma bai kai rabin abin da yake faɗa ba, sauran duk marigayiya ke cikawa daga aljihunta. Almajiransa biyu da suka gwada karatun a motocinsu sun sha tara, suka dawo suna huci. Baba ya dube su da tausayi, ya ce tuƙi baiwa ce, ba kowa aka ba ba.

Mutum ɗaya ne ya taɓa kusa tona asirin marigayiya, shi ne surukin Baba, mijin babbar 'yarsa. Wata rana suna tafe ya ɗago wayarsa, irin mai nuna gudun mota, ya ce cikin ladabi ita fa sittin da huɗu take gani. Baba ya tambaye shi yaushe waya ta taɓa taka kwalta, da har za ta fi allurar da igiyarta ke haɗe da cikin mota sanin abin da mota ke yi. Suruki suruki ne. Ya mayar da wayarsa aljihu, ya yaba kyan hanya.

Dole a faɗi abin da ya sa mutuwar nan ta fi ƙarfin mutuwar ƙarfe. Idon Baba ya daɗe da fara ja da baya. Lambobin agogon sun zame masa hazo, don haka ya ari jan farcen autarsa ya ɗiga a gilashi daidai kan saba'in, ya koma tuƙi da ɗigo: allura ta taɓa ɗigo, ƙafa ta tsaya. Babbar 'yarsa kuwa a asibitin ido take aiki, ba a yi mata irin wannan ɓoyon. Ta ga ɗigon, ta ga fentin ƙofar gida a gefen mota, ta ga yadda yake nisanta takarda da fuskarsa. Ta bi ta hannun mahaifiyarta, ta bi ta hannun ƙaninsa, daga ƙarshe ta durƙusa gabansa a falo ta roƙe shi ya bar tuƙi, ta ce duk inda yake son zuwa za a kai shi.

Ba ta san abin da take roƙo ba, ko kuwa dai ta sani. A gida, tun da ya yi ritaya, Baba bai ɗaga bokiti ba an ce ajiye, bai hau kujera zai sauya ƙwan fitila ba an ce sauko. Motar nan ce kaɗai wurin da ya rage ba mai ce masa zauna ka huta. A cikinta shi ke kai matarsa kasuwa da ganin likita, shi ke yanke hukuncin ta inda za a bi, shi ake jira. Yana tsoron ranar da zai zama kaya, abin da ake ɗauka a ajiye. Amma ba zai faɗi haka a gaban 'yar cikinsa ba, sai ya rufe tsoron da cika baki.

"Ki je ki tambayi kamarorin gwamnati, su da ba su san ni ba," ya ce. "Ranar da ɗaya daga cikinsu ta ɗauke ni, da hannuna zan ba ki mukulli. Kafin nan kada in ƙara jin maganar."

Ta ce ta yarda. Matarsa ce shaida. Daga ranar, ba tare da kowa ya sani ba, mutuncin Baba gaba ɗaya ya koma rataye a wuyan 'yar allura mai karkarwa, ita kuwa ta ci gaba da ɗaukar nauyin ba ƙorafi.

Ciwon ajali ya shigo ne ta ƙafa. Tayoyin motar sun suɗe, aka je sauyawa. Baba, wanda gwiwarsa ke ba shi wuya wajen fitowa daga mota amma bai gaya wa kowa ba, ya zaɓi wasu manya, dogaye, don motar ta ɗan ɗaga. A gida ya ce saboda tudun rage gudu ne da ke kankare mata ciki. Mai taya bai yi gardama ba, ciniki ya zo masa. Abin da ba wanda ya tuna shi ne allura juyin taya take ƙirgawa, babbar taya kuwa tana cin hanya fiye da ƙarama a juyi ɗaya. Nan take rarar da marigayiya ke ɓoye wa maigidanta ta ƙare. Ta wayi gari tana cewa saba'in, motar kuma tana saba'in ɗin. Gaskiya ta kama ta, cutar da ba ta taɓa yi ba tun da aka ƙera ta.

Kashegari Baba ya bi ta bayan gada shi kaɗai, allura a kan ɗigo, sai ya ga haske wal a daidai sandar kamara. Ya dawo gida bai ci abincin kirki ba. Zuwa la'asar ya gama shawo kan kansa cewa rana ce ta haska gilashin wata babbar mota. Don ya tabbatar, ya ɗauki mai aski ya zama shaida, suka koma wurin, ya sake ɗora allura a kan ɗigo, har da ɗaga hannun nan nasa. Kamara ta amsa gaisuwar. Mai aski ya rantse cewa a wannan daƙiƙar atishawa ta kama shi, bai ga komai ba, kuma iyali suna yi masa godiya a kan wannan atishawa.

Wani da ya samu irin wannan shaida da ya yi shiru ya jira abin da zai biyo baya. Baba bai iya ba. Shi a ganinsa kamarar ce ta lalace, kuma yana so 'yarsa ta gani da idonta kafin wani ya kai mata labari a karkace. Ranar Talata ya ce ta shigo, ta zo da wayar mijinta. Ta zauna a gefensa da wayar a cinya, suka hau babban titi. Da allura ta taɓa ɗigo, ya ce ta karanta masa abin da maƙaryaciyar ke cewa. Ta ƙura wa wayar ido. Ya sake tambaya. A hankali ta ce saba'in. Karo na farko ke nan da waya da allura suka yi baki ɗaya, suna kuwa cikin haka sandar kamara ta wuce ta kansu, ta yi abin da ta saba.

Ya gangara gefen titi ya tsaya, ya sake tayarwa a hankali, yana kallon allura tana hawa, 'yarsa na kiran lamba, ko'ina daidai. Sai ya fara ƙwanƙwasa gilashin da ɗan yatsa, kamar mai tashin mara lafiya, ko za ta farfaɗo ta koma halinta na da. Ya ƙwanƙwasa da biyu. Daga nan ya sa tafin hannu. Marigayiya ta yi karkarwa, ta ce kir, ta ce ƙas, ta sulale ta kwanta a kan sifili, mota na tafiya. Iyali ba sa zargin kowa, kuma ba za a yi bincike ba.

A gareji bakanike ya kwance ta, ya yi bayanin tayoyi da rarar da aka daɗe ana ci, sannan ya ce abin ba wuya, kafin azahar zai sa sabuwa, ko ma a mayar da ƙananan tayoyi a ɗora daga inda aka tsaya. 'Yar ta juya tana kallon wata matacciyar mota a ƙarƙashin bishiya. Ƙofar komawa tuƙi a buɗe take, ba wanda zai hana shi bi. Baba ya daɗe yana juya agogon a hannunsa, yana shafa ɗigon jan farcen da babban yatsa.

"Ashe duk shekarun nan ba ni ba ne," ya ce. "A bar ta ta huta."

Ya cire mukullin daga zoben da ya haɗa shi da na ɗakinsa. Zoben ya yi tauri, farcensa ya kasa, ya ƙi kuma a taimaka masa. Da mukullin ya fita, ya miƙa wa 'yarsa da hannunsa, yadda ya ce. Ta karɓa da hannu biyu tana kuka, shi kuma ya ce mata kuloci yana kamawa ne daga sama, ta kula.

Marigayiya ta bar ƙanwarta, allurar mai, wadda ita ma ba a shaide ta da gaskiya ba, tana kukan babu alhali da saura. Ta bar allurar zafi, mai tashi ba dalili, da wata 'yar fitilar gargaɗi da ta shekara tana ci har aka gaji aka manna mata takarda. Ta bar rediyo mai tasha ɗaya, da hon da muryarsa ta dishe. Ta kuma bar sababbin tayoyi huɗu, waɗanda iyali ke roƙon kada a nuna musu yatsa, su ma ba da saninsu ba ne.

Za a karɓi gaisuwa a falon gidan da kuma shagon mai aski. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo zancen gyaran kamara, musamman almajirai biyun da aka ambata a sama, waɗanda aka ji suna shirin zuwa tun da sassafe. Kada kuma wani ya ce wa Baba ai hutu ne ya samu.

Gobe da hantsi za a naɗe marigayiya a tsohon tawul ɗin goge gilashi, a ɗauke ta daga gareji zuwa gida, inda za a ajiye ta a saman kabad ɗin ɗakin Baba, kusa da hular aikinsa ta kamfani. Za a bi ta babban titi, ta bayan gada, a kan sittin ko ƙasa da haka. Babbar 'yarsa ce za ta tuƙa. Baba zai zauna a kujerar gefe da gawar a cinyarsa. Waɗanda za su zauna a baya, idan an zo kwana suka ga ƙafarsa tana taka ƙasan mota tana neman birki a inda babu, ana roƙonsu su kalli taga.