Saniyar Jalo da Kyautar Mai Girma

Jama'a, kada kowa ya sake tare ni a hanya yana tambayar dalilin ɗingishina, ga shi zan faɗa da bakina. Ranar Juma'a, jajibirin bikin 'yancin kai, saniya ce ta ja ni a ƙasa tun daga bakin kanti har kusa da Ƙofar Inkil. Ni Ɗanlarai, magidanci da furfurata, kwalba a hammata.

Tun hantsi nake layin kananzir, don an yi shela cewa ranar 'yanci kowane gida ya kunna fitila, sai dai mai shelar bai faɗi inda za a samo abin zubawa ba. Layi ya kusa zuwa kaina ke nan sai ga kiɗa. Sai ga Mijinyawa, babban ɗan koren wakilinmu na majalisar dokoki, yana jan wata farar saniya. An ɗaura mata koren ƙyalle a wuya, wani koren a ƙugu, an bar tsakiya fari, ta zama tuta mai ƙafa huɗu. Maroƙi na gaba yana tsaga maƙogwaro: "Ku fito ku ga naman gobe! Kyautar Mai Girma ga talakawansa!"

Mijinyawa ya hango ni. "Ɗanlarai, riƙe mini igiyar nan in zaga."

Na ce, "Ina kan layi."

Ya ce, "Au, layin ya fi Mai Girma ke nan?"

Na karɓa. Kuma da yake ni ɗan birni ne, wanda saninsa da saniya bai wuce cikin miya ba, sai na naɗe igiyar a wuyan hannu. Can daga nesa wani ya yi irin kiran nan na makiyaya. Saniya ta ɗaga kunne. Abin da na iya tunawa daga nan, ƙasa ce ke gudu a ƙarƙashin cikina, masu tallan gyaɗa suna ihu, wani mara tausayi yana cewa, "Riƙe da kyau, Baba, 'yanci ne!"

Ba ta tsaya ba sai a gaban wani dattijo mai sanda a kafaɗa. Jalo ne, na rugar bayan Inkil, wanda matarsa Habibatu ke kawo wa maiɗakina A'i nono. Ko kallona bai yi ba. Ya rungume wuyan saniyar yana shafawa, yana kiran sunanta, "Raneye, Raneye," ita kuma tana lasar hannunsa. Da ya ga koren ƙyallen, ya kuma ji daga bakina abin da maroƙi ke faɗa, sai sandar ta zame daga kafaɗarsa ta faɗi.

To, a nan dole in gabatar muku da Mai Girma. Ba zan kama suna ba, ina da iyali. Mu dai a unguwa muna kiransa Inuwar Giginya, na nesa ka sha. Tare muka yi wasan langa da shi. Ya fara da karen mota a hanyar Jos, aka sallame shi don yawan barci a kan kaya. Daga nan ya liƙe wa masu ƙidayar jangali, shi ne mai leƙa bayan duwatsu ya tono inda aka ɓoye shanu. Har ta kai in Fulani suka hango hularsa, maruƙa ma sun san su yi shiru.

Sai zamani ya juya, aka ce da ƙuri'a ake zama babba, kuma makiyayi ma yana da tasa. Dare ɗaya Mai Girma ya tuna ashe kakarsa ta wajen uwa Bafulatana ce. Ya sayi malfa, ya koyi gaisuwa biyu da Fulatanci, ya tafi rugar Jalo ya durƙusa. Ya ce shi marayan shanu ne, jininsa na kuka, a taimake shi da haɓɓanaye.

Ga waɗanda ba su sani ba, haɓɓanaye al'ada ce mai nauyi a wurin Fulani. Mai shanu ya ba ɗan'uwansa da ba shi da komai aron karsana. Ta haifa masa, 'ya'yan nasa ne, ya kafa garke da su, sannan ya mayar da uwar cikin mutunci. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ko dukanta ba a yi. Jalo ya zaɓi wadda ya fi so ya ba shi, wato Raneye, jikar saniyar da ya gada wurin mahaifinsa. Labari ya zaga rugage cewa mai tono ya tuba ya dawo gida. Ranar zaɓe akwatinsa ya cika har ana dannawa.

Aikin da ya yi mana a majalisa kuwa, Allah ya saka masa. Ban taɓa jin an ce ya ɓata wa kowa rai da magana ba, don bai taɓa yin ta ba. Sau ɗaya tak aka ga ya miƙe. Direbansa ya rantse mini cinnaka ne ya shiga wandonsa, ya zabura, aka ƙidaya shi cikin masu goyon baya. Da ya tambayi abin da ya goya wa bayan, aka ce ƙarin kuɗin zaman 'yan majalisa ne. Ya ce lallai cinnakan nan na gida ne. Rijiyar da ya yi mana alkawari har yanzu tana nan lafiya a cikin bakinsa, ba ta taɓa ƙafewa ba.

Raneye kuwa ta haihu, ta sake haihuwa, ta kuma, maruƙan duk sun bi motar kudu. Lokacin mayarwa ya zo ya wuce. Ana cikin haka ciwon huhu ya shiga garken Jalo ya share duk dangin saniyar nan, ita kaɗai ta rage daga tsatson gadonsa. Ga shi gobe za a dafa ta da shinkafa.

Da Mijinyawa ya iso da haki ya ja saniyar ya tafi, sai na ce wa Jalo, "Baffa, tashi mu je gidan Mai Girma. Ka ce ya ba ka abarka."

Ya ce, "To."

Muka tarar da Mai Girma a zaure ana gwada masa sabuwar riga. Jalo ya tuɓe takalmi ya zauna a bakin ƙofa. Ya gaida Mai Girma. Ya gaida iyalinsa. Ya tambayi gajiyar majalisa, da ruwan bana, da lafiyar motarsa. Ni ina ta zungurinsa da gwiwar hannu. Can ya nisa, na ce yawwa, ga ta nan tafe. Sai ya ce da Hausarsa ta ruga, "Saniya dai yana cin abinci?"

Mai Girma ya ce, "Ƙwarai kuwa, Baffa. Akwai wata magana ne?"

Jalo ya sunkuyar da kai. "A'a. Gaisuwa ne kawai."

Ya jawo takalmansa! Jama'a, a nan na gane abin da Mai Girma ya daɗe da ganewa. Bafulatanin kirki ya gwammace a yanka shi da ya buɗe baki ya ce a mayar masa da abin da ya bayar. Kunyar nan ita ce turken da aka ɗaure saniyarsa da shi duk shekarun nan. Sai na tuna ni ba Bafulatani ba ne, kuma kunyata ta riga ta goge a kan titi tun da safe.

Na ce, "Ranka ya daɗe, Garkuwan Marasa Garkuwa, ni murna na zo taya ka. Wannan dabara taka ta gobe, ko Bature sai ya sara maka."

Ya daina duban rigarsa. "Wace dabara?"

"Haba, ranka ya daɗe, ai magana ta fasu. Rugage tun daga Inkil har Tirwun har Zungur an ce za ka mayar da haɓɓanaye a gaban jama'a ranar 'yanci. Ardo-ardo, shugabannin rugage, duk sun wanke riguna. Wani ɗan hassada ne ma ya ce wai yanka ta za ka yi. Suka ce ƙarya ne, ai wanda ya yanka saniyar amana ko ruwa ba a ba shi a ruga, balle ƙuri'a. Ga zaɓe kuma an ce yana tafe."

Allah ya yafe mini, ko Ardo ɗaya ban gani ba. Jalo ya buɗe baki zai gyara mini zance, na taka masa ɗan yatsa.

Mai Girma ya kafa wa rufin zaure ido. Na san wannan kallon, lissafi ne. Nama a ci yau a manta gobe, kujera kuwa da ita ake cin naman kullum. Sai ya juya ya daka wa Mijinyawa tsawa: "Kai wa ya ce maka yanka ta za a yi? Kullum ina faɗa muku ku riƙa fahimtar manufa!"

Mijinyawa, wanda shi aka aika ya kira mahauci, ya ce, "Tuba nake, ranka ya daɗe."

Ranar Asabar fili ya cika. 'Yan makaranta da tutoci, lasifika na ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Aka jawo Raneye. Na gyara tsayuwa in ji an ce an mayar da amana. Sai maroƙi ya ɗaga murya: "Jama'a ku shaida! Saboda murnar 'yanci, Mai Girma ya ba wani talaka kyautar saniya sukutum, daga cikin dukiyarsa, don Allah!"

Fili ya ɗauki tafi. Aka tura Jalo gaba, aka ce ya durƙusa ya yi godiya. Ya durƙusa. Aka ce lasifika bai kama ba, ya sake. Ya sake. Mai hoto ya ce Mai Girma ya ƙifta ido, a maimaita miƙa igiyar. Aka karɓe ta daga hannun Jalo aka sake ba shi. Da na dubi dattijon sai na ga ba ya ma jin su. Ya kwance koren ƙyallen nan biyu, ya ninke, ya miƙa wa Mijinyawa, ya yar da igiyar a ƙasa. Ya sa sandarsa a kafaɗa ya kama hanyar Inkil, saniyar na bin bayansa ba mai ja.

Shinkafar biki da man gyaɗa aka ci ta, gaya. Maƙwabcina Babayo, da ya yi azumin nama mako guda don ya samu wurin zubawa, har yau ba ya amsa sallamata. A'i kuwa da na ba ta labari cewa ta yi, "To kai me ka samu?" Na nuna mata gwiwoyina.

Jiya kuma Mijinyawa ya tare ni da fara'a, ya ce Mai Girma ya yaba da hankalina ƙwarai, ya ce in saurara, ni ma akwai kyautar da zai yi mini a gaban jama'a. Tun daga lokacin nake zagaya gida ina dube-dube. Akuyata tana nan, kekena yana nan, butata tana nan. Don Allah wanda ya san abin da ya ɓace mini, ya taimaka ya sanar da ni kafin a kira mai hoto.