Kunnen Ragon Baba

Ko da tsufa zai cinye mini tunani, ba zan taɓa mantawa ba da Babbar Sallar da na naɗa wa kaina rawanin tattali. Ni malamin lissafi ne a wata firamare a Bagwai, kuma tun da tsadar rayuwa ta shaƙe mu na koma mai wa'azin tsimi a ofishin malamai. Ko ruwan leda mutum ya saya sai ya sha huɗuba. (Har laƙabi suka sa mini, Malam Kasafi, ni kuwa na ɗauka yabo ne.)

Mahaifina shi ne limamin idi a ƙauyenmu, can wajen Shanono. A wurinmu ragon liman a filin idi ake yanka shi, kuma babu mai sa wa dabbarsa wuƙa sai liman ya yanka tasa. Tun ina yaro Baba da kansa yake zaɓar ragonsa. A shekarar nan idonsa ya yi yana, ba ya gani sosai, sai ya sayar da gyaɗarsa ya damƙa mini kuɗin in sayo masa ragon. Ga yayyena biyu a gida, amma ni ya zaɓa. Kaina ya kumbura.

Na ce ba ni zan jira jajibirin Sallah dillalai su yi mini yankan kai ba. Saura wata biyu na shiga kasuwa, na ci karo da wani farin rago ƙosasshe, kuɗinsa kusan rabin na sauran. Aibinsa ɗaya, kunnen hagu ya tafi fiye da rabi, wai kare ne ya yage shi yana ƙarami. Mai ragon ya tambaye ni kiwo zan yi ko fawa, na ce ya karɓi kuɗinsa ya rage surutu. Da na kai shi gida matata Hadiza ta zagaya shi, ta ce wannan kunnen fa? Na ce mata kunne ai ba ya cika tukunya. Ta ce to in kai wa Baba ya taɓa. Na ƙi, wai ni ba-zata zan yi masa.

Wata biyu ina ɗura masa dusa da harawa a bayan gidan da nake haya. Da safiyar Sallah na ɗora shi a bayan a-kori-kura, ragowar kuɗin Baba na cikin ambulan a aljihuna, ina ta tsara yadda zan miƙa masa a gaban yayyena.

Aka idar da salla, aka gama huɗuba. Na jawo ragon cikin sahu ina wani ɗaga kafaɗa. Baba ya durƙusa ya fara shafa shi kamar yadda ya saba: baki, ƙafafu, wutsiya. Sai hannunsa ya zo kan kunnen. Ya tsaya. Ya sake shafawa a hankali. 

Ya ɗago ya ce, "Ɗana, ashe ban karantar da kai wannan ba? Dabbar da ta rasa fiye da sulusin kunne ba ta layya."

A hankali ya faɗa, don ya rufa mini asiri. Amma ba a kashe lasifika ba, gari gaba ɗaya ya ji. Kuma wallahi ya karantar da ni, a zaurenmu, ina gyangyaɗi.

Babu wanda ya yi dariya, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Mutane suka zauna cikin rana, layyar kowa ta tsaya saboda ni. Can Alhaji Sule mai sayen hatsi ya tashi ya je gida ya jawo ragonsa, ya ce ya ba liman kyauta. Baba, wanda bai taɓa karɓar ko goro don limanci ba, ya sunkuyar da kai ya karɓa. Ni kuwa ina tsaye riƙe da igiya, ragona yana ta cin ciyawa abinsa.

Da muka koma gida na miƙa wa Baba ambulan ɗin. Bai buɗe ba, ya ce a kai wa Alhaji Sule. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Sai dai tun daga ranar ko albasa bai sake aike na saya ba.

Na ƙudurta Sallah mai zuwa zan wanke kaina. Na matse albashina wata da watanni, na sayi rago lafiyayye, na duba kunnuwansa har mai shi ya tsargu. Baba ya rasu saura kwana tara Sallah. Na'ibinsa ne ya yi yanka a filin idi, nawa na yanka shi a ƙofar gida, ban iya cin naman ba.

Har gobe ina tattali, talauci ba ya bari a daina. Amma yanzu in na ga araha ta yi yawa, nakan je in tambayi wanda ya fi ni sani, tun yana raye da zai ba ni amsa.