Dankalin Bakin Rafin Kuki

Shekarar da aka mayar da ni aiki Dutsin-Ma, na shaida wa kowa cewa noma ba wani abu ba ne, ido kawai yake so. Ina dawowa daga kasuwar Kuki na hango wani tsiro ya yaɗu a yashin bakin rafi, furensa shunayya kamar ɗan mazurari. Kallo ɗaya na yi masa na gane dankali ne wani ya yi sakaci da shi. Na yanko rassansa na cika buhu.

Kunyoyi biyar na dasa a bayan gida, wata huɗu ina ban ruwa. Abin da ya ɗaure mini kai, akuyar matata, wadda ko takarda ba ta bari, sai ta sunsuna ta wuce. Na ce hankali ta yi.

Ranar tono na gayyato surukina daga Ɗantutture, na sa aka tanadi mai da yaji. Kunyar farko, saiwa zalla. Ta biyu ma haka. Na ce ƙila iri ne mai nitsewa, na ci gaba da haƙa har gwiwa.

Surukin nawa ya ɗauki ganye ɗaya ya jujjuya. "Malam, ai duman rafi ne wannan. Akwai mai farin fure ma, in kana son ƙari."

Har yau duk damina sai ya sake fitowa, na rasa yadda zan kashe shi. Mutanen Ɗantutture kuwa ko a jana'iza muka haɗu sai wani ya raɗa mini: "Sarkin Noma, ya ƙosa ne, ko mu ƙara wata huɗu?"