Ina Littafi Na Uku?

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da na durƙusa a ofishin shugabar makarantarmu ina share inuwar wani bawan Allah da tsintsiya ba. Har yau in abin ya faɗo mini sai na rufe fuska, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Lokacin ina koyar da Hausa a wata sakandaren 'yan mata a nan Daura, kuma ni ce shugabar kwamitin ladabtarwa. Ɗalibai tsorona suke ji, ni kuma, in faɗi gaskiya, daɗin hakan nake ji. (Sunan da suka laƙaba mini a ɓoye shi ne Malama Ba-Sani-Ba-Sabo. Ina sane, har alfahari nake da shi.)

Wata rana ina cikin darasi na lura 'yan layin baya sun yi tsit fiye da kima. Na lallaɓa na zaro wani littafin rubutu daga ƙarƙashin hijabin ɗayarsu. Rubutun hannu ne cike har bango, an sa masa "Na Ɗaya". Mai littafin ita ce Rabi'atu, 'yar aji biyar daga Sandamu, yarinya shiru-shiru da ban taɓa jin muryarta sosai ba. Tunda an hana shigowa da waya, yara kan kwafo labarai daga wayoyin yayyensu su kawo aji, don haka na ɗauka wannan ma kwafe ne. Na kai wa Hajiya shugaba. Ta ce in karanta, in ja layi a kan duk abin da ke ɓata tarbiyya, za a kira uban yarinyar.

Na zauna a ofishin malamai da jan biro. Labarin wata tsohuwa ne da ke fitowa da tsakar rana da tsintsiya da ƙwarya, tana share inuwar 'yan mata. Wadda aka share wa inuwa ba mutuwa take ba. Kowa ne ke mantawa da ita, har uwarta ta dube ta ta ce, "Ke 'yar gidan wa ce?" Sai ga wata Ladiyo, wadda aka share inuwar ƙanwarta, kuma ita kaɗai ce a garin ba ta manta da ita ba.

Ban ja layi ko ɗaya ba. Shayina ya huce, ƙararrawa ta kaɗa ban ji ba, 'yan aji uku suka yi zaman jirana har lokacin ya wuce. Da aka tashi ina tafiya bakin titi neman mai babur, na kama kaina ina waiwaye ina duba ko inuwata na biye da ni. Mace mai 'ya'ya uku fa!

Littafin ya ƙare daidai inda Ladiyo ta ɗora hannu a kan murfin ƙwaryar. Washegari na ba da umarnin binciken jakunkuna a aji biyar gaba ɗaya. (Na gaya wa kaina aikin ladabtarwa ne, kuma na kusa yarda.) Na samu "Na Biyu". Shi ma na cinye shi a zama ɗaya, ya tsaya inda tsohuwar ta juyo ta kira Ladiyo da sunan da uwarta kaɗai ke kiran ta da shi. Na sake bincike, har ɗakin kwanansu na sa aka ɗaga katifu, babu na uku. Na duba intanet, na tambayi ƙanwata da ke cikin zaurukan karatun littattafai a waya, ba wanda ya taɓa jin labarin. A nan kaina ya fara ɗaurewa. Ban san ko haushin yarinyar nake ji don ta kawo littafin ba, ko don ta ɓoye sauran.

Ranar Laraba uban ya zo. Alhaji Sale, dillalin shanu ne, dogo, fuska ba wasa. Ko zama bai gama yi ba ya ce, "Hajiya, ni ba dogon zance ya kawo ni ba. Tun farko 'yan'uwana sun ce kar in kawo ta. In shiririta take yi, ta ɗauko akwatinta mu tafi, karatun ya ƙare." Rabi'atu na durƙushe a gefe, hawaye na ɗiga a kan hijabinta. Saura mata shekara ɗaya ta gama.

Hajiya ta ce, "Malama, taƙaita wa Alhaji abin da ke cikin littafin."

Wallahi da niyyar taƙaitawa na miƙe. Na fara da muryar kwamiti: "Alhaji, labari ne marar kan gado na wata tsohuwa." Sai na ga ba zai gane munin abin ba in ban faɗi yadda take tafiya ba, sai na kwatanta. Sai na ga dole ya ji muryarta, sai na shaƙe murya. Daga nan ban san yadda aka yi ba. Na dai san akwai tsintsiya a bayan ƙofa, kuma kular abincin Hajiya na kan tebur. Can na tsinci kaina a durƙushe gaban Alhaji, kula a hannun hagu, tsintsiya a dama, ina share siminti daidai inda inuwarsa ta faɗi, ina cewa da muryar tsohuwa, "Kawo, kawo, ai ba taki ba ce, aro aka ba ki."

Alhaji ya janye ƙafafunsa ya naɗe su a kan kujera yana a'uziyya.

Ko wannan bai dawo da ni hayyacina ba. Na kai inda tsohuwar ta kira sunan, na tsaya cak, na juya wajen yarinyar da tsawar da aka san ni da ita. "Ke! Ina littafi na uku? Ina kika ɓoye shi?"

"Malama, babu."

"Ƙarya kike! A wayar wa kika kwafo?"

"Ba kwafowa na yi ba, Malama." Ta share hanci. "Ban rubuta ba tukuna. Kin ce duk wadda aka sake kamawa da irinsa kora ce."

Na dube ta, na dubi Hajiya, na dubi tsintsiyar da ke hannuna. Na kasa haɗa zancen. Marubuciyar da na kwana biyar ina nema a duniya, ita ce wannan da na sa ta wanke bayi ranar Litinin? Kuma ni da bakina na hana a rubuta ƙarshen? To ni yanzu mai ƙara ce ko mai roƙo? Abin da ya fito daga bakina, a gaban shugabata da uban ɗaliba, shi ne: "To... Ladiyo za ta tsira?"

Hajiya ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta na rawa.

Alhaji ya sauke ƙafa ɗaya a hankali. "Hajiya, tsaya in gane. Wannan ita ce malamar da ke ladabtar da su?"

"Ita ce, Alhaji."

"Kuma lafiyarta ƙalau?"

"Har zuwa makon jiya dai."

Ya juya ga 'yarsa. "Ke Rabi, ke kika ƙago wannan abin daga kanki? Da ya sa babbar mace rarrafe?"

"E, Baba."

Ya daɗe yana kallon ta kamar yau ya fara ganin ta. Sannan ya gyara hula ya ce, "Shekara talatin ina dillanci, ban taɓa sa mai saye ya durƙusa ba. Ta zauna ta gama karatunta." Har ya kai ƙofa ya waiwayo. "Amma in ta rubuta na ukun a aiko mini in ji. Uwa ta manta 'yarta, ai wannan ba ƙaramin abu ba ne."

Kafin a tashi labari ya gama makaranta. Sunana ya koma Malama Kawo-Kawo, kuma har na bar wurin in na ratsa fili da rana sai in ga yara na tattare siket suna matsar da inuwarsu. Kwamitin ladabtarwa kuwa aka ba malamin lissafi, wanda ba ya karanta komai.

Da kaina na kai wa Rabi'atu sabon littafin rubutu, na ce saboda gyaran rubutun Hausarta ne. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi ƙoƙari ƙwarai ba ta yi dariya ba. Ta sa ni jiran mako shida, kuma na tabbata da gangan ne.

Abin da na koya shi ne, in za ka ƙwace littafi a hannun yaro, ka fara tabbatarwa an gama rubuta shi. In kuma an ce ka taƙaita labari a ofis, ka sa a fitar da tsintsiya tukuna.