Jan Sa Kaɗai Ya Tsaya

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na ɗauki surukina hoto a mayankar Trans-Amadi da ke Fatakwal. Ko na so mantawa ma, hoton yana nan rataye a falonsa a Haɗeja.

A lokacin na karanta littafi biyu da rabi a kan ɗaukar hoto, na sayi tsohuwar kyamara mai fim, na kuma fara furta kalmar "haske" da wata irin murya. Turanci nake koyarwa a wata makaranta a Fatakwal, amma a raina ni mai fasaha ne, mai kama wuri da zamani ya ajiye a takarda. (Matata Hauwa ta ce abin da na fi kamawa shi ne kwatami da gajimare.)

Sai mahaifinta, Alhaji Sabo, ya ce ya bar fawa, gida zai koma. Abu ɗaya yake so ya tafi da shi: hotonsa da abokan sana'arsa a rumfar da ya tsufa a cikinta. Wasu suka zo daga Anacha, wasu daga Inugu, tsofaffin da ke da wuya su sake haɗuwa a duniya. Da samari suka zaro wayoyi, ni da bakina na ce su mayar aljihu, yau hoton gaske za a yi.

Gari ya yi duhu da hadari irin na Fatakwal. Sai na yi dabarar barin idon kyamara a buɗe na ɗan lokaci, haske ya shiga a hankali. Sharaɗin ɗaya ne: kowa ya tsaya cak. Duk abin da ya motsa, hayaƙi zai koma.

To, wa zai ce wa surukinsa ya tsaya cak? Ni da ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba? Na rusuna, na dubi ƙasa, na ce wa takalmina, "Baba, da za a ɗan daure a natsu." Takalmin dai ya ji.

Na danna. A daidai nan wani dattijo daga kasuwar Ogbete ta Inugu ya iso a makare, ya yi sallama. Sallama kuwa ba a barinta a ƙasa. Sahu duka ya motsa, a miƙa hannu, a kai ƙirji, a sake miƙawa. "Ina gajiya? Ya hanya? Ya mutanen Inugu? Ya ruwa?" Ina kallo, amma kunya ta hana ni cewa a sake. Na lallashi kaina cewa ai littafi ma ya yabi ɗan motsi.

Fim ya tafi Legas wanki. Don tsabar yarda da kai, na ce a faɗaɗa, a sa gilashi, a naɗe a aiko. Ya iso a okada, wato acaɓa, ranar walimar ban kwana, baƙin nesa sun daɗe da komawa. A gaban jama'a aka buɗe.

Rumfa ta fito tsaf, har tsatsar kwano. Gajimare ma ya yi kyau, gaskiya ɗaya ce. Inda dattawa suke kuwa, wani farin hayaƙi ne mai huluna. Can gefe, ɗaure a turke, wani jan sa yana kallon kyamara, kowane gashin idonsa a bayyane. Shi kaɗai ya bi umarnina.

Na ce, "Baba, hoton yana nuna yadda zamani ke wucewa ne."

Wani mahauci ya ce, "Oga ticha, wato zamanin ya wuce da su gaba ɗaya ke nan?"

Alhaji ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa. Ya ɗora yatsa a kan wani tabo ya ce, "Ina jin wannan hular Malam Audu ce." Sannan ya koma kan san. "Duk rayuwata ina yanka su, ashe ɗaya daga cikinsu ne zai raka ni gida. Allah ya yi albarka, Malam."

Har yau duk baƙon da ya tambaya, amsarsa ɗaya ce: "Aikin mijin Hauwa ne. Ya yi karatu sosai."

Ni dai abin da na koya, wanda ba zai iya ɗaga murya a gaban surukinsa ba, ya tsaya a hoton rumfa da shanu. Su ba sa amsa sallama.