Zakin da Na Kai Turawa Su Gani

Ba zan taɓa mantawa ba da makon da na zama masanin namun daji, ni da tun da aka haife ni a Birnin Zinder ban taɓa ganin abin da ya fi ɓeran rumbu haɗari ba. 'Yan shekaru ne kafin a ba mu 'yanci, na fito lakwal, wato makarantar boko, da sartifika, an ɗauke ni gwajin aikin tafinta a buron kumandan, wato ofishin Baturen da ke mulkin garin. Gwaji fa na ce. In na yi kyau a tabbatar da ni, in na kwafsa in koma kasuwa in taya babana jan buhunan gyaɗa.

Sai ga wani Bature da muke ce wa mushe, shi da madam ɗinsa, abokan kumandan, sun fi shekara suna yawon ƙasashe a kamyo, wato babbar mota, suna ɗaukar hoton dabbobi. Sun ga giwa, sun ga dorina, zaki ne kaɗai ya ƙi su. Kumandan ya tambaye ni ko akwai zaki a Damagaram. Mai hankali zai ce bari ya bincika. Ni na ce akwai, har da ƙarin cewa mun saba da su (Allah ya yafe mini, ko a takarda sau ɗaya na taɓa ganinsa).

Nan take ya haɗa ni da su in kai su. Ranar kasuwar Mirriya muka tsaya, na sami wani dattijo mai sayar da igiya, na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, don Allah a ina ake ganin zaki a ƙasar nan?"

"Zaki? Ai yana wani ƙauye gaba da Takaya. Wa bai san shi ba? Mazan da ya karya ba su ƙirguwa."

"Ana samunsa da rana?"

"Kullum da hantsi yana kwance gindin gawo, bakin rijiya. Sai dai ya tsufa, ɗana. Haƙora sun zube, fura kawai yake iya sha."

Na juya na fassara wa Turawa komai cikin Faransancina mai sitaci, ban da zancen fura. Na ɗauka barkwancin ƙauye ne, kuma ni mai sartifika ba na fassara shirme.

Washegari muka ajiye kamyo nesa da ƙauyen don kada ƙara ta firgita shi. Ni na ba da wannan shawarar. Ni kuma na ce a yi rarrafe. Mushe da bindiga, madam da na'urar hoto, ni a gaba cikin farin wandon da na ara wurin yayana, muna jan ciki cikin ƙarangiya. Matan da ke jan ruwa suka saki guga suna kallonmu. Na yi musu alama da hannu su gudu, ko ɗaya ba ta motsa ba, har na raɗa wa madam cewa matanmu akwai jarumta.

Da muka matso na ce da wata cikin raɗa, "Inna, ina zakin?"

Ta ɗaga murya ta ce, "Zaki, tashi ka yi baƙi."

Wani tsoho ya miƙe daga tabarma, ƙato, damatsansa cike da layu, baki ba haƙori ko na rantsuwa. Tsohon ɗan kokawa ne, wanda tun yana saurayi aka daina kiransa da sunan yanka.

Madam ta tambaye ni ina zakin. Wallahi na ji ina ma ƙasa ta buɗe. Na nuna tsohon da yatsa na ce, "Ga shi nan."

Shi kuwa tsohon murna ta kama shi, wai labarinsa ya kai ƙasar Nasara. Ya ce ba za su koma haka ba, sai ya nuna musu kamun da ya yi suna da shi. Ya duba hagu da dama, bai ga wanda ya dace ba sai ni.

"Zo nan, ɗana, ba zafi."

Ban san lokacin da ƙafafuna suka bar ƙasa ba. Na dai ga sama, sannan na ji laka. A daidai nan madam ta danna na'urarta, mushe kuwa dariya ta sa sai da ya zauna a kan kwatarniyar shayar da awaki.

Da muka koma, kumandan ya saurari labarin har ƙarshe yana share hawaye. Ya ce Faransancina ba laifi, Hausar ce da saura, in je in ƙaro. Damina biyu na yi ina ƙaro ta a rumfar babana, ƙarƙashin buhun gyaɗa.

Tun daga nan, duk wanda ya kwatanta mini inda zan sami wata dabba, kafin in yi godiya sai na tambaye shi ƙafafunta nawa.